Uwar Kaset

Ban taɓa kiran sunan maigidana ba yana da rai, ba kuwa zan fara ba yanzu da ƙasa ta rufe shi. Jikanyata, wadda ke rubuta maganar nan, ta ce masu karatu za su so sanin sunansa. Na ce mata duk gidan da aka taɓa yin aure ko suna a Agadas sun san shi: dogon nan mai kamara a kafaɗa, wanda idonsa na hagu ya saba da runtsewa har ya fi na dama ƙanƙanta. Wanda bai san shi ba, suna ba zai ƙara masa kome ba.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, karatuna bai wuce abin salla ba. Ina faɗi, tana rubutawa. In ta ji na yi shiru ta san kuka ne, sai ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi ta jira ni. Ba na ɓoye kukana, ba na kuma ba kowa haƙuri a kansa. Na shiga ɗakin mutumin nan haƙorana cike da baki, ya tafi ya bar ni sai na jiƙa gurasa a shayi kafin in ci. Abin da nake so a rubuta shi ne labarin sitidiyo, inda ya ƙarar da ƙarfinsa, da yadda na bi sawun muryarsa bayan ya rasu.

Asalinsa mai hoto ne. Yana da ɗan shago kusa da tsohuwar kasuwa, da wani labule mai zanen teku da jirgin ruwa. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na Ingal yawa ba sai su tsaya gaban labulen su yi hoto su aika wa dangi. Ni kuwa ƴar dukawa ce, aikin fata na gada wurin uwata: alabe, kube, matashin kai, jakar mata. Shi yana shago, ni ina tsakar gida da basilla. Haka muka fara.

Yana da wani aboki direba, mai kai anasara yawon hamada. Wata rana abokin ya shigo zaurenmu da wata baƙar jaka, ya zuge ta a hankali kamar mai kwance jariri. Kamara ce ta bideyo, wani anasara ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Suka kwana biyu suna latse-latse har suka gane kanta. Daga nan zaurenmu ya zama sitidiyo. Tele ɗaya, manyeto biyu na kunna kaset, da wayoyi kamar jijiyoyin bishiya. Duk mai shigowa gidanmu sai ya tsallaka waya, har akuyata ta koyi tsallakawa.

Sai na bayyana wani abu a nan, don labarin duka a kansa ya rataya. A aikinsu, kaset ɗin da ke cikin kamara lokacin da ake ɗauka, shi ake kira uwa. Daga gare ta ake juye sauran, waɗanda ake ba masu biki ko a kai kasuwa. Su ne ƴaƴa. Ƴaƴa na yawo gari-gari, a ara, a ɓatar, rana ta narkar da su a gaban mota. Uwa ba ta fita. Ana ajiye ta cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin da ya fi sanyi. Ni na yi wa akwatin farko shimfiɗar fata daga ciki, don kada zafin ƙarfen ya taɓa su.

Maigidana yana da wata al'ada. Duk lokacin da zai fara ɗauka, sai ya danna maɓalli tukuna, murfin idon kamara na rufe, ya ce: "To, da sunan Allah. Ta kama." Sannan ya cire murfin. Ya ce yana yin haka ne don bakin kaset yakan ci hoto, gara ya ci duhu. A cikin ɗan duhun nan yakan yi wasu maganganun. Ya ce wa uwar amarya ta daina kallonsa ta kalli ƴarta. Ya ce wa makaɗi ya ja baya. Wani lokaci tari kawai zai yi, ko dariya. In an zo juye ƴaƴa, sai a tsallake wannan wurin a fara daga inda hoto ya fito. Wa zai so duhu da muryar mai kamara a kaset ɗin bikinsa?

Ba biki kaɗai suka tsaya ba. Samarin unguwa suka fara kawo musu wasan kwaikwayo. Akwai wanda aka yi a kan wani mai gishiri da raƙuminsa ya ƙi tashi. Aka aro raƙumi, sai ya zama shi raƙumin ba ya son zama. Yini guda ana fama da shi ya durƙusa. Ni na dafa wa ƴan wasan shinkafa da wake, kuma mayafina ne a kan matar mai gishiri. Kaset ɗin nan ya je har Tawa da Damagaram. Maigidana bai fito a ciki ba ko da inuwarsa. Bai taɓa fitowa a ko ɗaya ba.

Mai sitidiyo na farko, in za a faɗi gaskiya, su biyun ne, shi da direban. Amma kaya sun tsufa, ana ta fito da sababbi, ƙarfinsu bai kai ba. Sai uban gidan direban, mai motocin kat-kat, masu ratsa rairayi, da ke ɗaukar anasara, ya ce zai saye wurin. Yana son a riƙa ɗaukar baƙinsa a kan tudun rairayi, su koma gida da kaset. Aka kwashe kaya daga zaurenmu zuwa wani gida mai bene, har da akwatin uwaye. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ana ɗora shi a mota.

Na ce, "Har da su?"

Ya ce, "An sayar da sitidiyo da kayan ciki. Ni ma ina cikin kayan cikin, kin ga ai gobe can zan tafi."

"To kai nawa aka yi maka kuɗi?"

"Ni gyara ne. Irin wanda mai tumatir ke ƙara wa mutum."

Haka yake, ba a raba shi da ba'a. A hannun mai kat-kat ya ga duwatsun Ayar, ya ga hamada har inda mota ke iya kaiwa. Yakan dawo baƙi wuluk, rairayi har cikin kunnensa, yana kwaikwayon yadda anasara ke hawan raƙumi. Shekarun nan mun ji daɗinsu. Sannan hanya ta lalace, anasara suka ɗauke ƙafa. Motocin suka zauna a fili tayoyinsu na sacewa. Sitidiyo ya koma kan biki da suna, kaset ya ba faifan sede wuri, mai kat-kat kuwa ya fara neman wanda zai karɓi wurin.

Wanda ya karɓa wani ne da ya dawo daga Jado lokacin da zinariya ta fashe. Da can tela ne a unguwarmu. Ba mugu ba ne, amma bai san abin da ya saya ba. Ya shafe bango da fenti ruwan zinariya, ya sa aka rubuta sabon suna a allon ƙofa, ya sayo ɗan jirgin nan mai ƙugi kamar zuma wanda ke ɗaukar hoto daga sama. Burinsa a yi masa fim ɗin rayuwarsa, shi ne jarumi. An fara, ba a gama ba. Ramin da yake haƙa ya daina bayarwa, ya tattara ya nufi Cibarakaten neman wani ramin, ya bar sitidiyo a hannun dillalai.

A lokacin na taɓa ce wa maigidana ya kwaso uwayen ya dawo da su gida, tunda telan bai ma san akwai su ba. Ya ce, "Amana ce. Na wanda ya sayi wurin ne, ko ya sani ko bai sani ba." Ban matsa ba. Me zan yi da su? Ga mutum a gabana yana cika mini kunne da surutu tun daga sallar asuba.

Masu saye na ƙarshe ba mutum ba ne, sosiyete ce, wato kamfani, daga Yamai, masu gidan tele. Suka mai da sitidiyo sabuwar unguwa, ƙofar gilashi, sanyi na fita daga bango. Suka bar maigidana a kan aiki don shi ya san gidajen gari, amma ƙafarsa ta fara ciwo, kafaɗar ma ta gaji. Ya rage fita. Allon ƙofa ya canza suna sau nawa, amma mutanen gari ba su taɓa kiran wurin da ko ɗaya daga cikin sunayen ba. Sunansa suke kira, su ce sitidiyon wane.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ban so a rubuta wannan wurin da yawa. Ya rasu da hantsi, kansa a kan cinyata, damina na ƙarewa.

Na yi takaba, na fita. Mutane suka rage zuwa. A nan ne na gane abin da ke faruwa da ni. Fuskarsa ban rasa ta ba, tana nan a fuskar ƴarmu, har runtse idon. Tafiyarsa ma ina ganinta. Murya ce ta fara gudu. Sai in zauna in ce bari in tuno yadda yake sallama in ya shigo zaure. Kalmomin su zo, amma muryar da ke faɗinsu tawa ce. Na tsorata ƙwarai. Na ga kamar zai sake mutuwa, wannan karon a cikin kunnena, kuma babu mai zuwa mini gaisuwa.

Jikanyata ta bincika salularta, babu. Shi ba mai aika murya ba ne, in yana son magana da mutum tashi yake ya je. Muka fito da ƴaƴan da ke gida, kaset da sede, muka aro manyeto muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga amare, ga makaɗa, ga mutanen da suka daɗe da mutuwa suna rawa. Duk abin da idonsa ya gani yana nan. Shi ne kawai babu. Ina zaune gaban tele sai abin ya faɗo mini: duhun nan na farko. Ai yana jikin uwaye.

Washegari na yafa mayafi na hau adaidaita zuwa sabuwar unguwa. Daraktan wurin yaron garin nan ne da ya yi karatu a Yamai, sosiyete ta dawo da shi. Maigidana ne ya ɗauki sunansa ranar da aka raɗa masa shi. Ya taso ya tare ni, ya ba ni kujerarsa, ya sake yi mini ta'aziyya. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce ba duka nake so ba, ko guda ɗaya a ba ni.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, wallahi da nawa ne da kin tafi da akwatin yau. Ba ni da iko ko da a kan guda. Ko juyewa ba zan iya ba sai an ba da izini."

"Wa ke ba da izinin?"

Ya faɗi wata kalma da Faransanci, sannan ya ga ban gane ba, ya ce, "Uwa. Sai uwa ta yarda."

Na ce, "To ai da sauƙi." Na yi masa godiya na fito.

Kada wanda ke karantawa ya yi mamakin abin da na fahimta. A garin nan shaguna nawa ne ake kira da sunan yaro alhali na uwarsa ne? Ita ta sayar da awakinta ko ƴan kunnenta ta kafa shi, kuma ba ya fitar da allura sai ta sani. Na ce ashe Hajiya, uwar daraktan, na da hannu a sosiyeten nan, shi ya sa aka ba ɗanta kujera. Na san gidanta, bayan babban masallaci. Ba ƙawata ba ce, amma mukan haɗu a gidan biki, kuma ita ma mijinta ya rasu. Na ce wannan magana ce ta mata, ba ta biro ba, wato ofishinsu.

Na sayi cuku mai kyau, na auni dabinon Ingal, na ɗauko wani alabe ja da na ɗinka da kaina, na ƙulle a ɗankwali. Na iske ta a rumfa tana tsince shinkafa. Muka gaisa, muka yi wa mazanmu addu'a. Sannan na tura ƙullin gabanta, na ce na zo roƙo ne, ta yi wa Allah ta ba ɗanta izini ya ba ni uwar kaset guda.

Ta dube ni, ta dubi cukun. Ta ce, "Ƴar'uwa, faro mini daga farko."

Na faro. Da na kai wurin muryar da ke gudu daga kunnena, sai ta ajiye faifan. Ta ce ita nata mijin tafiyarsa ce ta ɓace mata, ta kasa tuna ko yana jan ƙafa ko ba ya ja. Muka yi kuka tare, ba wadda ta rarrashi wata. Da muka gama ta share ido ta ce, "Ni dai ban san ina riƙe da kaset ɗin kowa ba. Amma yanzu zai zo cin abinci, ki zauna."

Ya shigo bayan azahar, makullin mota a hannu. Da ya gan ni ya tsaya.

Hajiya ta ce, "Kai, ashe ni ce na hana baiwar Allah muryar mijinta ban sani ba?"

"Ke kuma, Hajiya? Ta yaya?"

"Ka ce mata sai uwa ta yarda. To ga ni. Na yarda."

Ya durƙusa a bakin tabarma, yana son ya yi dariya yana jin nauyina. Ya ce, "Ba ke ba, Hajiya. Uwar sosiyete nake nufi."

"Kana da wata uwar bayan ni? Ina ina lokacin da ta haife ka?"

"Haka ake cewa a aikin. Wannan sitidiyon na sosiyeten Yamai ne. Ita kuma ta Yamai, wata ce ta saye ta, tana can bakin teku. Ita ake kira uwa."

"To a kira ta mu gaisa."

"Ita ma ba ta yanke magana ita kaɗai. Akwai wadda ke samanta, a ƙetare."

Na ce, "Ita ma tana da uwa ke nan?"

"Tana da, Inna."

"Ka taɓa ganinta?"

"Ba mutum ba ce. Mutane ne da yawa suka zuba dukiya, wasunsu ba su ma san juna ba. Ba na jin akwai wanda ya san sunan Agadas a cikinsu."

Hajiya ta ce, "Uwa ta ƙare a nan. Ta haifi ɗa ba ta san garin da yake ba." Ta ɓare dabino ɗaya ta jefa a baki. "Kai kuma ita kake tsoro, ni da na yi maka wankan jego kana mini gardama."

"Ke kika yi wankan, Hajiya, ba ni ba."

"Don wa na yi?"

Ni ma na yi dariya. Ban ji kunyar kuskurena ba, har yau ban ji ba. Shi ya ce uwa, ni kuwa na je inda na san uwa take. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don na gane babu ƙofar da zan je in yi sallama. Ba wanda zan kai wa cuku. Hawaye suka dawo.

Yaron ya ga haka, sai ya ƙara faɗin abin da bai faɗa mini a biro ba. Ya ce an ma aiko musu umarni su juye uwayen duka cikin ordinater, wato kwamfuta, a tura wa uwar sosiyete, sannan a kwashe kaset ɗin a kai Yamai. Sun riga sun fara.

Hajiya ta ce, "Juyewar nan, kunna su ake yi?"

"Dole. Kowane sai ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe."

"Da murya?"

"Da murya."

"Uwar taka ta ƙetare ta hana tsohuwa ta zauna a ƙasa a ɗakin?"

Ya ce, "Ba ta hana ba."

"To ci abincinka."

Haka na fara zuwa sitidiyo kowace safiya da ƴar tabarmata da bargo, don sanyin ɗakin ya fi ƙarfina. Mai aikin juyewar wata budurwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Akwatin na gefenta a buɗe, shimfiɗar fatar da na yi tana nan, ta yi baƙi. Ranar farko ta ɗauko uwa ɗaya ta tura a manyeto. Tele ta yi shuu, ta yi duhu. Sai na ji numfashi kusa, kamar a bayan kunnena.

"To, da sunan Allah. Ta kama."

Ban san na miƙe tsaye ba. Muryar ta fi wadda nake nema kauri, kuma yana jan "kama" ɗin kaɗan, abin da na manta sam. Yarinyar ta mai da kaset baya ta sake kunnawa. Ta sake. Sannan ta ce, "Inna, sai mun wuce, aikin da yawa." Na ce ta wuce. Na zauna na kalli bikin wasu mutane da ban sani ba har ƙarshe, ina jiran kaset na gaba.

Akwai wanda na fi sa rai a kansa. Lokacin da mai kat-kat ya sayo sabuwar kamara, maigidana ya zo da ita gida ya gwada. Ya ɗauke ni ina ɗinki a tsakar gida, yana tsokanata ina korarsa, mun daɗe muna magana. Na bayyana wa yarinyar. Ta samo shi, ga rubutun hannunsa a jiki. Da aka kunna sai ga telan Jado cikin babbar riga yana nuna wa kamara agogonsa. An bi ta kai an ɗauki wani abu a zamaninsa. Ranar ban iya zama ba, na naɗe tabarmata na koma gida. Na yi kwana biyu ban je ba. Sannan na koma, don sauran na jirana.

Ina zaune ina kallon hannun yarinyar, a hankali na lura da wani abu. In kaset ya gama shiga ordinater, sai ta ja wani layi a farkonsa, ta danna, duhun ya ɓace. Na tambaye ta me take yi.

Ta ce, "Gyarawa nake. Sun ce a fara daga inda hoto ya fito."

"Wanda kika yanke ɗin fa, ina ake kai shi?"

"Ba a kai shi ko'ina. Sharewa ake."

Na ce ta kira mini darakta. Da ya zo na ce, "Ɗana, zan tambaye ka abu ɗaya. A aikinmu na fata, in mutum ya kawo mini fatarsa in yi masa jaka, jakar tasa ce. Amma guntayen da wuƙa ta zubar a ƙasa nawa ne. Ba a taɓa biyo baduku a ce ya kawo guntaye ba. Da su muke ɗinka laya da maɗaurin wuƙa. A naku aikin, abin da aka yanke aka yar, na wa ne?"

Ya tsaya yana kallon ordinater. Ya ce bai sani ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Ya ce ba zai yi abu a ɓoye ba, bari ya tambaya. Ya fita da salula a kunne, ina jinsa yana Faransanci a baranda, yana maimaita magana ɗaya. Ya dawo yana murmushi.

"Na kira Yamai. Da farko ba su gane tambayar ba. Da suka gane suka ce wannan shara ce, mu yi yadda muka ga dama da ita."

Na ce, "To ni ce mai shara."

Daga ranar yarinyar ta daina sharewa. Duk duhun da ta yanke sai ta ajiye shi gefe. Waɗanda ta riga ta share kafin in lura, ta koma ta ɗauko uwayensu ta sake kunna bakinsu, ba wanda ya sa ta. Da aiki ya ƙare ta jera su bi da bi, daga tsofaffi zuwa sababbi, ta zuba a wani ɗan abu kamar farcen yatsa da suke kira kart memwar. Jikanyata ta sa shi a salula, ta nuna mini inda zan danna.

Uwayen kuwa an zo an kwashe su. Na je na ga tafiyarsu, kamar yadda na gani ranar da suka bar zaurenmu. Na roƙi a bar mini shimfiɗar fatar, aka ce da akwatin aka lissafa ta. Na bar musu. Kwanan baya daraktan ya zo gaishe ni ya ce an sake sayar da uwar ta ƙetare ga wata, har za a canza allon ƙofa. Na ce Allah ya sa alheri. Na tambayi lafiyar Hajiya, wadda yanzu ba ma yin sati ba mu ga juna ba.

Abin da ke hannuna babu hoto a ciki, duhu ne kawai. Amma a farko muryar saurayi ce, mai sauri, tana rawa don ɗoki. Tana tafiya tana yin kauri. A tsakiya akwai iskar hamada a bayanta, da wani anasara yana tambayar abu. Can gaba tari ya shigo. A na ƙarshe-ƙarshe yana hutawa tsakanin "da sunan Allah" da "ta kama". Ban taɓa lura ya tsufa ba sai a nan. Akwai wani guntu da yake ce wa mutane, "Ku taimaka ku zauna mu fara, mai ɗakina ta ce in na bar tuwo ya huce yau a zaure zan kwana." Na faɗa kuwa. Ban san ya kai ƙarata gaban jama'a ba.

Kukan bai tafi ba, ban kuma ce ya tafi ba. Jiya ma na yi. Amma yanzu in na tuno sallamarsa, da muryarsa take zuwa. Na ɗinka wa salular kube da guntayen jar fata, na rataya ta a wuya. Idona ya rage, ɗinkin sai da hasken safe. In na idar da salla na sha shayi, sai in shimfiɗa tabarma inda na saba, in jawo fata da zare, in danna wurin da aka nuna mini. Ba na soka basilla sai ya ce ta kama.